Gyaran tsohon batirin motar rimot domin ajiya a kan kanta

Ku dubi wannan batirin da ke hannuna. Ya haura shekara 30, irin wanda ake sakawa a cikin Hornet ne, motar rimot da kamfanin Tamiya na Japan ya fitar a 1984. A cikinsa akwai ƙwayoyi shida na nikel da kadmiyam, waɗanda ake kira NiCd. Kowace ƙwaya bolt 1.2 take bayarwa, idan an jera su sai a samu 7.2.

Abu na farko, kada ku yi gigin jona shi a caja. Ba don ya tuƙa mota muke gyara shi ba, so muke a ajiye shi kusa da motarsa, wanda ya gani ya ce haka suka fito daga kwali. Saboda haka ledar da aka naɗe shi da ita, da sitikar da ke jikinta, da farin soket ɗin nan na bakin waya, su ne dukiyar. Ƙwayoyin ciki sun riga sun mutu.

Ku matso ku ga wannan farin garin da ya taru a gindin waya. Ruwan cikin batirin ne ya yoyo, fotasiyam haidroksaid, ya haɗu da iska ya daskare. Yana cin fata, yana cin ƙarfe, kuma idan aka bar batirin a cikin motar, sai ya bi waya ya lalata duk abin da ya taɓa. Ku sa safar hannu da tabarau kafin ku taɓa shi.

Yanzu yanka. Da sabuwar reza nake bin ƙasan batirin, gefen da zai kwanta a kan kanta, layi ɗaya miƙaƙƙe. A hankali. Tsohuwar leda ta bushe, ba ta da haƙuri, kuna ja da ƙarfi za ta tsage ta tsakiyar rubutun. Na taɓa ɓata ɗaya saboda gaggawa, har yau idan na tuna sai raina ya sosu. In ta yi tauri, ku ɗan hura mata iska mai ɗumi daga nesa, amma kada zafin ya yi yawa, domin irin ledar nan tsukewa take yi idan ta ji wuta.

Ƙwayoyin da kuka ciro ba na kwandon shara ba ne. Kadmiyam guba ne, sai a kai su wurin da ake karɓar matattun batura.

Garin nan kuma, auduga da ɗan ruwan khal su ne maganinsa. Za ku ga yana ɗan kumfa. Ku goge da tsumma mai laima, ku bar shi ya bushe sarai. Sitikar dai kada ruwa ya kusance ta.

Me za a mayar ciki? Girman ƙwayar ana ce masa Sub-C, kaurinta kusan milimita 23, tsawonta kusan 43. Ni sandar katako mai wannan kaurin nake yankawa gida shida, domin rarrabuwar ƙwayoyin ta riƙa nunawa ta cikin ledar kamar da. Wasu sukan zuba sababbin ƙwayoyin NiMH, wani nau'in batirin caja da ya biyo bayan NiCd, don motar ta motsa. Ban ga laifinsu ba, amma abin da zai shekara a kan kanta ba a taɓa shi ba, gara wanda ba shi da ruwan da zai yoyo.

Ku manne wayar a inda ta fito tun asali, ja a gefensa, baƙi a gefensa. Ku mayar da ledar, ku haɗe bakin yankan da siririn salatif ta ciki. Sai a juya shi, yankan ya koma ƙasa.

Wajen ajiya, ku nisanta shi da taga, don rana tana kashe launin sitika. Kuma ku liƙa 'yar takarda a ƙasansa, ku rubuta cewa katako ne a ciki, kada wata rana wani ya ɗauka ya kai wa caja.