Na Daina Shan Giya, Me Ya Sa Na Fi Jin Ƙunci?

Kun san irin bidiyoyin nan. Hoto biyu a jere. Na hagu fuska a kumbure, ido ja wur. Na dama bayan kwana 30, fata ta yi luwai, mutum yana murmushi har kunne. Duk farkon shekara sai sun cika kafafen sada zumunta, tun da ƙungiyar Alcohol Concern ta Birtaniya ta ƙaddamar da kamfen a 2013 na a kwashe watan Janairu cur ba a kurɓi giya ba.

Hotunan nan ba ƙarya ba ne. Amma tambayar da ta sa muka haɗa wannan bidiyo daga wasu mutanen take fitowa, waɗanda ba sa ɗora hoto. Sun ajiye kwalba, sati uku, wata biyu, kuma maimakon sauƙi sai rashin barci, saurin fushi, komai ya yi musu lami. Sai su ɗauka ko dai su ne ba su iya ba, ko kuma dama giyar ce ke riƙe da su. A nan ake yawan komawa ruwa, kuma a nan za mu daɗe.

Dalilan daina sha kam, mu bi ta kansu da sauri, ga su nan a allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta sa barasa a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo ciwon daji, rukuni guda da taba. Hanta kuwa halitta ce mai yafiya: kitsen da giya ta tara mata yakan narke cikin 'yan makonni in an daina, sai dai in ta riga ta yi tabo ta ƙanƙance, wannan ba ya gogewa. Duk wanda ya kai ga daina sha ya san wannan. Mu wuce.

Yanzu ku ɗauki ƙwaƙwalwa kamar mota.

Ƙwaƙwalwa tana da birki, tana da totur. Birkin wani sinadari ne da ake kira GABA, shi ke kwantar da jijiyoyi. Totur ɗin kuma gulutamet, shi ke zaburar da su. Giya in ta shiga, sai ta danna birki, ta kuma ɗage ƙafa daga totur. Shi ya sa kafaɗa ke saki, harshe ya yi nauyi, damuwa ta ja da baya. To ita ƙwaƙwalwa ba ta son a tuƙa ta a hankali haka kullum. In aka yi wata da watanni ana danna mata birki kowane dare, sai ta gyara kanta: ta sassauta nata birkin, ta ƙara wa totur ƙarfi, don dai motar ta ci gaba da tafiya daidai duk da giyar da ke ciki.

Sai rana ɗaya ka daina. Ƙafar da ke kan birki ta ɗauke. Totur a danne har ƙasa, birki ya yi laushi, ga gangara.

Ku ji wannan da kunnen basira, don magana ce ta rai. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, wanda sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina rawa, bai kamata ya yanke lokaci guda shi kaɗai a ɗaki ba. Tsakanin awa 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe ake fara ganin karkarwa, gumi, tashin zuciya, bugun ƙirji. Cikin kwana biyun farko wasu sukan yanke jiki su faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu, wasu kaɗan sukan shiga wani mummunan ruɗu, zazzaɓi ya rufe su, suna ganin abin da babu shi, ba su san inda suke ba. Wannan yana kisa in ba a kai mutum asibiti ba. Likita yana da maganin da zai riƙe birkin na 'yan kwanaki, irin su dayazifam, yana rage shi sannu sannu, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Kuma in ya tambaye ka nawa kake sha, ka faɗi adadin na gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da abin da ka faɗa zai auna maganin.

To, an tsallake makon farko. Rawar hannu ta tsaya. Kowa yana cewa barka. Amma fa tsugune ba ta ƙare ba.

Akwai wani sinadarin, dofamin, wanda ke sa mutum ya ji abu ya cancanci a tashi a nema. Giya tana kwararo shi fiye da yadda hira da aboki ko kammala aiki ke yi. Ƙwaƙwalwa, kamar yadda ta yi da birki, sai ta rage ƙofofin da ke karɓarsa. A shekarun 1990 Dakta Nora Volkow da abokan aikinta a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mashaya, suka ga waɗannan ƙofofin sun yi ƙaranci in an kwatanta da na waɗanda ba sa sha. A hoton, launin da ke nuna ƙofofin ya dusashe a ƙwaƙwalwar mashayan.

Ka ɗauka ka shekara kana zaune kusa da lasifika mai ƙara har kunnenka ya saba. Ranar da aka kashe ta, in mutum ya yi maka magana da muryarsa ta yau da kullum, da ƙyar za ka ji. Muryarsa lafiya lau take, kunnenka ne bai dawo ba tukuna. Haka jin daɗi yake a watannin farko. Ɗanka ya zo da gudu yana nuna maka zanen da ya yi, ka san ya kamata zuciyarka ta motsa, amma shiru. Waƙar da kake so ta zama hayaniya. Ka zauna cikin mutane ana ta dariya, kai kana kallon agogo.

George Koob, masanin ƙwaƙwalwa na Amurka wanda ya daɗe yana bincike a kan wannan, yana kiran wannan yanayi ɓangaren duhu na jaraba. Da farko mutum yana sha don ya ji daɗi. Daga baya yana sha ne don kawai ya daina jin rashin daɗi. Kuma rashin daɗin nan, giyar ce da kanta ta haƙa raminsa. Shi ya sa in ka kurɓa a sati na biyar za ka ji sauƙi nan take, har ka ce ashe magani ce. Ramin ta cike na awa biyu, ta kuma ƙara masa zurfi.

Barci ma haka. Giya tana sa mutum ya yi saurin yin barci, amma tana danne matakin barcin da ake mafarki a cikinsa, ta kuma farkar da mutum da tsakar dare. In an daina, sai mafarkai su dawo a guje kamar masu biyan bashi. Da yawa sukan yi mafarkin suna sha, su farka a firgice suna shinshina bakinsu. In ya faru da kai, ka yi ajiyar zuciya ka koma ka kwanta, ba a lissafa na mafarki. Barci yakan ɗauki makonni, wasu ma watanni, kafin ya daidaita.

Yaushe jin daɗin ke dawowa? Ya danganta da daɗewar sha, da yawansa, da jikin mutum. Abin da aka sani shi ne da makonni da watanni ake ƙirga shi, kuma ba a layi miƙe yake tafiya ba, yau sama gobe ƙasa. Amma in ƙuncin ya ƙi ɗagawa, ko ya yi nauyi har kana tunanin rabuwa da rayuwarka, wannan ba na jira ba ne, ka je wurin likita yau. Sau da yawa akwai ciwon damuwa da giya ta lulluɓe shekara da shekaru, kuma shi ma yana da magani.

Hotunanmu sun kusa ƙarewa a nan, don abin da ya rage ba ya ɗaukuwa a kyamara. Mutum ne kawai zaune da yamma, lokacin da ya saba fita ya yi, hannunsa yana lalubar makulli.

Wannan marmarin yana tashi kamar igiyar ruwa, ya kai ƙololuwa, ya sauka, galibi cikin ƙasa da rabin awa, ko an sha ko ba a sha ba. Masanin halayyar ɗan'adam Alan Marlatt ya koya wa mutane su zauna su kalle shi yana tashi yana sauka, maimakon kokawa da shi. Ka kuma tambayi kanka abu huɗu: yunwa nake ji, fushi nake, kaɗaici ne, ko gajiya? Sau da yawa ɗaya daga cikinsu ne ya sa rigar giya ya zo. Akwai kuma magunguna, naltirekson da akamfuroset, da ke rage marmarin, kuma abin takaici ne yadda mutane da yawa ba su ma san akwai su ba. Sai zama da waɗanda suka bi hanyar kafin kai. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta faro ne a 1935 a garin Akron na Amurka, daga mashaya biyu da suka gano in suna magana da juna sun fi iya riƙe kansu. Babban nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya ta tantance shi, ta fitar a 2020 ya nuna tsarinsu yana aiki daidai da sauran hanyoyin jinya, wani lokacin ma ya fi su wajen daina sha ɗungurungum. Wanda tsarin bai kwanta masa ba, akwai wata ƙungiyar taimakon juna mai suna SMART Recovery da makamantanta. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Bari in faɗi ra'ayina a kan manhajojin ƙirga kwanaki. Ina son su, amma ba na son yadda suke mayar da mutum sifili in ya zame sau ɗaya. Wanda ya yi kwana 80 ya sha a na 81, hantarsa da ƙwaƙwalwarsa ba su manta da kwana 80 ɗin ba. Haɗarin yana cikin tunanin nan na “tunda na ɓata, bari in ƙarasa”. Shi ke mayar da dare ɗaya ya zama wata shida. Washegari ka kira wani ka faɗa masa, ka duba me ya ja ka, ka ci gaba.

Wanda yake kashe awa uku kowane dare a kan sha, ya samu awa 21 a mako da ba su da mai su. Da farko kamar ɗaki ne da aka kwashe kayansa, har amsa kuwwa yake. A cikin awannin nan ne ake yin girman da ake ta magana. Karon farko ka yi fushi ka zauna da shi har ya huce da kansa. Ka je taro ido biyu, ka iya cewa “na gode, ba na sha” ba tare da dogon bayani ba. Ka tuna abin da ka faɗa wa wani shekara uku da suka wuce, kunya ta rufe ka, ka ɗauki waya ka nemi gafara ba tare da kawo uzuri ba. Wasu abokan za su ja baya, don kwalbar ce dama ta haɗa ku. Yana da zafi, ba zan ɓoye muku ba.

Iyali kuma su ne na ƙarshe da za su yi tafi. Hanta ta riga su yafewa. Kana kwana na 60 kana jin ka yi abin a yaba, ka shigo gida, matarka ta ɗan matso kamar za ta karɓi jaka, alhali numfashinka take shinshinawa. Kar ka ji haushi. Ta sha jin alkawari, kuma ita ma tana da nata kwanakin da take ƙirgawa a zuci. In ka ce mata ƙarfe bakwai za ka dawo, ƙarfe bakwai ta ji motsin makullinka a ƙofa, yau da gobe da jibi.