Soborodo, Kanwa da Ruwan Teku: Abin da Yarana Suka Gano a Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Daga Agege nake muku magana, nan cikin Legas. Ku yi haƙuri da ƙarar janareton maƙwabta, kun san halin garin. Bari in juyo da wayar ku ga teburin. Ga kofuna, ga ruwan soborodo da na jiƙa ba sukari, ga lemun tsami, ga kanwa, ga ƙwai ɗanye, ga kuma wata gora da za ku ji labarinta an jima. Yaran nan uku da kuke gani su ne masu aikin, ni riƙe waya kawai nake yi.

Auta, zo ka matsa lemun a kofin farko. A hankali. Kun gani? Jan ya ƙara haske, ya yi jawur. To, Yaya, ke kuma zuba ruwan kanwa a na biyu, kaɗan-kaɗan. Ku duba da kyau, bari in matso. Ya fara duhu, yana komawa shuɗi-shuɗi, in aka ƙara sai ya karkata zuwa kore. Soborodo ɗaya ne, daga tukunya ɗaya.

Dalili shi ne, abin da ke ba soborodo launinsa yana canzawa gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki. In tsami ya yi yawa sai ya yi ja, in aka kashe tsamin sai ya bar jan. Babbar tawa ta haddace wannan darasin a makaranta da Turanci, ta ci jarrabawa a kansa ma, amma ranar da ta fara ganin kofin ya canza a hannunta sai ta ce, "Umma, ashe shi ya sa kike sa kanwa a miyar yakuwa!" Wallahi wannan maganar ta fi mini makin jarrabawar daɗi. Iyayenmu mata sun daɗe suna kashe tsami da kanwa, ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Abin da malami ya rubuta a allo yana nan cikin madafarmu kullum, sai dai ba wanda ya haɗa wa yarinyar biyun.

Yanzu ku ga na ƙarshe. Matsa lemun a cikin mai kanwar. Kun ga kumfa na tasowa? Iska ce ke fita idan tsami ya haɗu da kanwa, irin wadda ke cikin lemun kwalba. Ga jan ma yana dawowa. Abu ɗaya dai, iyaye: wannan ba na sha ba ne, kuma babba ya tsaya a kai, kada ruwan kanwa ya shiga idon yaro.

To, labarin gorar nan. Ranar Asabar Babansu ya samu hutu muka fita, hotunan da kuke gani yanzu na ranar ne. Mun bi ta gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990. Mutum zai bi ta kanta shekara da shekaru bai leƙa ƙasa ba, amma yaro ba ya barin taga. Na tsakiyan ne ya hango gidajen Makoko a kan ruwa, ya ce, "Baba, me ya hana su nitsewa?" Babansu ya buɗe baki zai ba shi amsa, na taɓa shi. Na ce, kai me kake gani? Ya yi shiru yana kallo har muka ɗan wuce, sai ya ce, "Ai ƙafafu gare su, sanduna ne a ƙasa." Shi ya gano da idonsa, kuma na tabbata ba zai manta ba. Mu manya muna da saurin ba da amsa, saboda muna son yaro ya san mun sani. A ganina saurin nan yana kashe tambayar da za ta biyo baya.

A saman ruwan akwai kainuwa, tuli guda tana tafiya. A damina take yawa, lokacin da ruwan koguna ya cika tafkin Legas ya rage masa gishiri, don ba ta jure ruwan gishiri. Masu kwale-kwale na Ikorodu sun san wahalarta, tana toshe musu hanya. Na gaya wa yaran haka, Yaya ta rubuta a littafinta. Kowannensu yana da ƙaramin littafi na fita, wanda bai iya rubutu ba ya yi zane.

Daga nan sai gandun dajin Lekki. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ce ta kafa shi a 1990, faɗinsa hekta 78. Ka bar cunkoson motoci a bakin ƙofa, ka shiga ka tarar da fadama da manyan itatuwa. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar, birai suna ta tsalle a samanka. Akwai gadar nan ta sama mai lilo, mita 401, wadda mutane ke zuwa dominta. Babansu ne ya hau, mu muka tsaya ƙasa. Kuma ban ji mun yi asara ba, don a ƙasan ne Auta ya durƙusa gaban kunkuru ya ƙi tashi. Ya ƙirga ƙafafunsa, ya tambaya ko yana iya fita daga ƙoƙon bayansa ya bar shi. Na ce a'a, ƙoƙon haɗe yake da ƙashin bayansa da haƙarƙarinsa, jikinsa ne. Ya shafa nasa haƙarƙarin yana kallon kunkurun. In za ku je, ku ɓoye abincinku a jaka, biran ba su da kunya.

Da la'asar muka ƙarasa bakin teku. Igiyar ruwan Legas tana da ƙarfi, ba mu bar kowa ya wuce idon sawu ba, kuma hannun Auta yana cikin nawa. Ruwa ya fantsamo masa a baki, ya tofar ya ce, "Umma, wa ya zuba gishiri?" Ba wanda ya yi masa dariya, domin tambaya ce ta gaske. Babansu ya cika mana gorar nan muka taho da ita.

Ga abin da muka yi da ita. Yaran sun taɓa ganin ƙwai yana yawo a saman ruwan gishiri, saboda haka duka ukun suka ce tabbas zai taso a ruwan teku. Bari mu sake a gabanku. Ruwan famfo: ya nitse. Ruwan teku: duba, ya sauka shi ma. Ran farko sun yi tsuru-tsuru, na tsakiyan har ya ce ƙwan ne ba shi da kyau. Na bar su suna gardama. Can Yaya ta ce wataƙila gishirin ne bai isa ba. Suka ɗauko cokali suna ƙarawa suna juyawa, har ƙwan ya ɗago ya tsaya a sama. Gaskiyarta. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, ya isa harshe ya ji, amma bai kai ya ɗaga ɗanyen ƙwai ba. Sai ruwan ya fi ƙwan nauyi, in aka auna su daidai wa daida, sannan zai ɗauke shi. Gwajin da bai ba su abin da suka zata ba shi ne ya fi sa su tunani, shi ya sa ba na gyara musu sakamako don ya yi kyau a bidiyo.

Sauran ruwan muka zuba a baƙin faranti, na famfo a wani, muka ajiye a rana a kan katanga. Ku zo ku gani. Na famfon ya bushe, kusan ba komai. Na tekun kuwa, ga farin gishiri ya kama gefe-gefe, tsakiyar da saura don hadari ya hana rana fitowa sosai. Auta, taɓa ka ji. Yana ƙaiƙayi a yatsa ko?

A nan ne Babansu ya ba su labarin Bilma, can cikin hamadar Nijar. Haka ake yin gishiri a can tun zamanin kakanni: ruwa mai gishiri a cikin ramuka, rana ta shanye ruwan, a kwashe a yi kantu, ayarin raƙuma su ɗauko su ratsa hamada zuwa Agadas, daga nan ya gangaro kasuwannin ƙasar Hausa. Yaran nan a Legas aka haife su, Yarabanci da Turanci suke ji a titi, Arewa sai da sallah. Amma farantin da ke kan katangar Agege ya sa sun zauna suna tambayar ubansu kwana nawa raƙumi ke yi bai sha ruwa ba. Wannan ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Wata maƙwabciyata ta ce, "Maman Yaya, ai wannan sai masu kuɗi." Fita tana cin kuɗi, gaskiya ne, kuɗin mota da na shiga, mu ma ba kullum muke yi ba, sai mun tara. Amma ku dubi teburin nan. Soborodo da kanwa da lemun tsami, duk a kasuwar Agege na saye su tare da cefane. Ƙwan kuma anjima za a soya shi. Abin da ya fi tsada shi ne haƙurin barin yaro ya ɓata wuri, ya zubar, ya sake. Yaranta biyu yanzu suna shigowa duk Lahadi, ita ma takan tsaya ta kalla.

Na gaba da suke so shi ne tace ruwan kwata da yashi da gawayi a cikin gora, da kuma gwada 'ya'yan zogale da aka daka, don suna kwantar da laka a ruwa. Na riga na gaya musu cewa ruwa ya yi garau ba ya nufin ƙwayoyin cutar da ke cikinsa sun mutu, sai an tafasa. A garin da aka yi fama da kwalara a 2024, ina so su riƙe wannan da kyau. In kun gwada na soborodon da yaranku, ku gwada da ruwan toka da na tsamiya ma, ku faɗa mini launin da kuka samu. Yara, ku yi wa mutane sallama, a zo a wanke kofunan nan kafin magariba.