Tukunyar Kaka: Bangaskiya da Karɓar Baƙi a Wani Gida na Wusasa

Ranka ya daɗe Rabaran, iyayena mata na Zumunta, dattawan ikilisiya da 'yan'uwa matasa, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku. An nemi in yi magana a kan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, sai na zaɓi kakata ta wajen uwa, domin ita na fi sani, kuma yawancinku kuna da irinta a gidajenku.

Ba za a fahimci wannan tsohuwa ba sai an san garin da ya raine ta. Dokta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Anglikan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. A 1913 wasu daga cikin Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka neme shi, aka kafa musu zango a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. A 1929 aka mayar da mishan ɗin zuwa Wusasa, a wajen birnin Zariya, inda aka gina majami'ar Bartalamawus da ƙasa, gini irin na Hausa, ga makaranta ga asibiti. Daga wannan ɗan gari Dokta Barau Dikko da Farfesa Ishaya Audu suka fito, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Sunayen mazan sun shiga littattafan tarihi, amma matan da suka ciyar da su ba a cika ambatonsu ba.

Kaka ba ta yi zurfi a boko ba, amma ta iya karatun Hausa sarai, kuma tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 take riƙe da ita, har bayan da aka fito da sabuwa, domin a cewarta bakinta ya riga ya saba. Da asuba, lokacin da ladanin unguwa yake kiran salla, ita ma take tashe mu, mu durƙusa a kan tabarma, ta rera waƙa ɗaya, sannan ta shiga ambaton 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da damuwarsa. Mu yara mukan ƙosa, ba na musu, domin addu'ar ba ta da gajarta.

Amma inda bangaskiyarta ta fi fitowa fili shi ne madafa. Asibitin Wusasa yana jawo marasa lafiya daga ƙauyuka masu nisa, kuma kowane majinyaci yana tafe da mai jinya wanda sau da yawa ba shi da masauki ko guzuri. Kaka takan bi ta asibitin da yamma, ta dawo da wata baƙuwa a bayanta, wadda ba ta taɓa gani ba. Ba ta tambayar addini ko ƙabila. Ruwa take fara miƙawa, sannan ta shimfiɗa tabarma, in baƙuwar Musulma ce ta ajiye mata buta ta nuna mata gabas. A duk daren duniya, idan ana kwashe tuwon dawa, sai an ware malmala biyu a kwanon sha an rufe da faifai, miyar kuka kuma a bar ta a bakin murhu kada ta huce. Wannan na baƙo ne. In bai zo ba, almajiran da ke bara a ƙofa su samu, ko a yi ɗumame da safe. Takan tuna mana gargaɗin da ke cikin wasiƙar Ibraniyawa, sura 13, cewa waɗansu sun sauki mala'iku ba da saninsu ba.

Ranar Kirsimeti kuwa, Musulmin maƙwabci take kira ya yanka akuya, domin kada wani ya ji shakkar cin naman, mu kuma mu yi ta zirga-zirga da kwanonin shinkafa gida-gida. Da Babbar Salla kwanonin nan suke dawowa da naman layya.

Akwai abin da masu yabo suke tsallakewa, ni kuwa ina ganin ya kamata a faɗe shi a gaban iyaye mata. Karamcin nan aiki ne mai nauyi, kuma ba ita kaɗai ta ɗauke shi ba. Surukanta da 'yan matan gidan ne suke daka, su ɗebo ruwa, su bar ɗakinsu ga baƙuwa, wani lokaci da guna-guni. Ita kuma ba mai sanyin hali ba ce yadda ake kwatanta ta yanzu. Mace ce mai tsare gida, mai lissafi, wadda take auna hatsin rumbu tun kaka, ta fitar da na godiya a majami'a, ta ware tiyar baƙi dabam da ta iyali, saboda haka ko damina ta yi tsanani ba a taɓa rabon baƙo. Wanda yake son ya gaje ta, wannan tanadin zai fara koya, ya kuma tambayi kansa wa zai tuƙa tuwon.

A nan zan dakata, domin na ga iyayen da suka zauna da ita a Zumunta, kuma na san suna da gyara.