Yatsu a Manne: Me Ya Sa Tiyatar Ba Yanka Kawai Ba Ce?

Ku haɗa yatsanku na tsakiya da wanda ke bi masa, ku riƙe su tare. Haka ake haifar wasu jarirai, kusan ɗaya cikin 2,000 zuwa 3,000. A ciki, hannun ɗan tayi yana farawa ne kamar faifai, sai tsakanin mako na 6 da na 8 naman da ke tsakanin yatsun ya narke. In bai narke duka ba, yatsun su fito a manne. Wani lokaci fata ce kawai ta haɗa su, wani lokaci har ƙashi da farce.

Iyaye kan ce, "Likita, ai tsagawa kawai za a yi." Da ma haka ne! Matsalar ita ce fata. Yatsu biyu da ke cikin riga ɗaya, in an raba su, rigar ba za ta ishe su ba. Shi ya sa likita ke yanka a karkace kamar haƙoran zarto, don tabon da ya miƙe sambal yana janyewa ya lanƙwasa yatsa. Inda fata ta gaza, a ɗebo daga lanƙwasar cinya ko wuyan hannu a dasa.

Galibi ana jira yaro ya kai shekara ɗaya zuwa biyu. Amma in babban yatsa ne ko ƙaramin, ana gaggautawa tun yana wata shida, domin gajeren yana jan dogon ya karkace. In kuma yatsu uku ne a haɗe, ba a raba su rana ɗaya. Jijiyoyin jini na bin gefen yatsa ne, a taɓa gefe biyu lokaci guda, yatsan na iya mutuwa.

Bayan aiki fa? Wani lokaci dashen fata kan ƙi kamawa, ciwon kan yi ƙwayar cuta, farce kan fito a karkace. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke zuwa a ɓoye: yaro na girma, fatar gindin yatsun na hawa sama a hankali, har a sake tiyata bayan shekaru. Don haka kar a daina kai shi dubawa saboda kawai ciwo ya riga ya warke.

Yatsun ƙafa kuwa, galibi na biyu da na uku, ba sa hana tafiya ko gudu. Yawancin likitoci barin su suke yi.