Darasin ches: yaushe ake cewa “na sallama”?

Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da wannan hular sanyi da na rufe kunne da ita, hunturun Jos ya sauka, yatsun ma da ƙyar suke ɗaukar soja.

Jiya a wurin da muke taruwa wajen Bauchi Road wani ƙanena ya yi sakaci aka cinye masa sarauniya. Nan take ya miƙe, ya watsa 'ya'yan wasan da hannu, ya yi tafiyarsa. Laifi biyu ya yi a lokaci guda: ya sallama da wuri, kuma ya sallama ba ladabi.

Mu fara da na farkon. In kai sabon shiga ne, kuma da sabon shiga kake bugawa, kada ka sallama don an ci maka doki ko sarauniya. Wanda ya ci taka yanzu, in ka yi haƙuri zai iya ba ka tasa kyauta. Da yawa ma ba su iya ƙarasa wasa ba. Sai ka ga mutum da sarauniya da sojoji uku, ya matse sarkinka har ya rasa gidan takawa alhali ba a kai masa hari ba. Wannan kunnen doki ne, a raba maki. Wanda ya riga ya tashi bai samu wannan rabin ba.

Manya ma suna faɗawa wannan rami. A Monte Carlo, 1902, Georg Marco yana bugawa da von Popiel, ya ga kamar bishof ɗinsa ya tafi, ya sallama. Ashe taku ɗaya ya rage masa, da shi zai ci wasan! Kasparov kansa, zakaran ches na duniya a lokacin, a wasa na biyu da kwamfutar Deep Blue a 1997, bayan ya sallama ne mataimakansa suka ce masa akwai hanyar neman kunnen doki. Don haka kafin ka buɗe baki, zauna a kan hannunka minti biyu. Akwai harin da za ka yi ta kai wa sarkinsa ba ƙarewa? Lokaci nawa ya rage masa a agogon wasa?

In ka duba babu ko ɗaya, kuma mutumin ya ƙware, to ka sallama. Jan wasa da sarki tilo a gaban gwani ɓata wa mutane lokaci ne, ko da yake doka ba ta hana ka ba. Kai kuma mai nasara, ba naka ba ne ka ce “Malam, ka haƙura mana”. Yi shiru ka ƙarasa aikinka.

Yadda ake yi: ka faɗa da bakinka, “na sallama”, ka tsayar da agogo, sannan ka miƙa hannu. Da baki, na maimaita. Miƙa hannu kawai yana jawo rigima, ɗaya ya ɗauka an sallama masa, ɗaya ya ce shi kunnen doki ya nema. Wasu suna kwantar da sarki a hankali, ba laifi, amma ban da wurgi. In namiji ne da mace kuma ba ku son musafaha, ku sanar da alkalin wasa tun farko, hannu a ƙirji da ɗan rusunawa ya wadatar. Sai ku sa hannu a takardar sakamako.

Masu bugawa a waya, don Allah ku danna maɓallin sallama. Kashe data ka bar mutum yana gadin agogo minti goma, wannan rashin kunya ce.

Wani abu kuma, tun 2023 dokar FIDE, hukumar ches ta duniya, ta ce in ka sallama alhali abokin wasanka ba shi da wata hanya ta kashe sarkinka, kunnen doki za a rubuta.

To, bari in jera muku allon Marco. Marco ke da baƙaƙen 'ya'ya: ga bishof ɗinsa a gidan d4, ga sarauniyarsa a e5, sarkin fari, wato na von Popiel, yana h1. Ku tsayar da bidiyon, ku nemo takun.