Gundumar Karkara a Jihar Ohayo: Daga Sarƙar Masu Safiyo Zuwa Zauren Amintattu

Duk wanda ya leƙa ta tagar jirgin sama yayin da yake ratsa arewa maso yammacin jihar Ohayo ta Amurka zai ga gonakin masara da na waken soya a jere, kowace mai kusurwa huɗu, hanyoyi kuma sun miƙe samɓal suna gittawa da juna bayan kowane mil guda. Wannan tsari da hannu aka zana shi, kuma a kansa ne aka gina ƙaramin yankin mulkin da Amurkawa ke kira tawunshif, wanda za mu kira gunduma a wannan bayani.

Labarin ya faro ne daga bashi. Bayan yaƙin neman 'yanci daga Ingila, sabuwar gwamnatin Amurka ta samu kanta cikin ƙangin bashi alhali ba ta da ikon ɗora wa jama'a haraji kai tsaye, don haka ta mai da hankali kan sayar da filayen da ke yamma. A ranar 20 ga Mayun 1785 majalisar ƙasa ta zartar da dokar filaye wadda ta ce a yanka ƙasar zuwa gundumomi masu mil shida a kowane ɓangare, a kuma raba kowace gunduma gida 36, kowane gida eka 640, a sayar a kan aƙalla dala ɗaya kowace eka. An keɓe gida mai lamba 16, wanda ke kusa da tsakiya, domin kuɗin da ya fito daga cikinsa ya tafi ga makarantun gundumar.

A watan Satumban shekarar ne Thomas Hutchins, babban jami'in taswira na gwamnatin Amurka, da masu safiyonsa suka fara awo daga gaɓar kogin Ohayo, daidai kan iyakar jihar Pensilbeniya. Kayan aikinsu kamfas ne da sarƙar ƙarfe mai tsawon ƙafa 66, wadda sai an shimfiɗa ta sau 80 kafin a cika mil ɗaya, a cikin kurmi da fadama, ana sassaƙe bawon itatuwa domin barin alama. Ƙasar kuwa da masu ita, domin ƙabilun Shawnee da Wyandot da Lenape da Miami suna zaune a cikinta, kuma sai da aka ci su da yaƙi a 1794 sannan suka sa hannu kan yarjejeniyar Greenville ta 1795, suka sallama mafi yawan yankin da ya zama jihar Ohayo a 1803.

Ba ko'ina ne aka bi awon mil shida ba. A arewa maso gabashin jihar gundumomin mil biyar-biyar ne, a yankin da aka ware wa tsofaffin sojojin jihar Bajiniya kuwa iyakokin sun bi rafuka da itatuwa, shi ya sa hanyoyin can suke karkace.

A yau jihar na da gundumomi sama da 1,300, kuma tsarin mulkinsu mai sauƙi ne ƙwarai. Mazauna gunduma suna zaɓen amintattu uku da jami'in kuɗi ɗaya, kowannensu na wa'adin shekara huɗu, ba tare da an rubuta sunan jam'iyya a takardar ƙuri'a ba. Galibinsu suna da sana'arsu ta daban, kuma a ƙananan gundumomi ba abin mamaki ba ne a ga amintacce da kansa yana tuƙa motar share ƙanƙara da asuba. Aikinsu shi ne gyaran hanyoyin gunduma da kwalbatocinsu, da kula da maƙabartu, da samar da 'yan kwana-kwana, waɗanda a karkara yawanci 'yan sa-kai ne. Idan maƙwabta biyu suka yi saɓani kan wanda zai gyara shingen da ya raba gonakinsu, doka ta ba amintattu ikon zuwa su duba da idonsu su raba nauyin.

Kuɗin gudanarwa na fitowa ne daga harajin gidaje da filaye, sai kason da jiha ke bayarwa daga harajin man fetur da rajistar motoci. Idan ana buƙatar ƙarin haraji na musamman, misali domin sayen motar kashe gobara, sai an kai maganar gaban masu zaɓe, kuma suna iya ƙi.

Ikon gunduma dai yana da iyaka, domin ba ta yin komai sai abin da dokar jiha ta ba ta izini, manyan al'amura kamar kotuna da gidan yari kuma suna hannun hukumar da ke samanta, wato kawunti. Akwai masu ganin cewa gundumomin sun yi yawa, gara a haɗe su a rage kashe kuɗi, sai dai da wuya manomin da ya saba tare amintacce a bakin hanya ya yi masa ƙorafin kwalbatin da ta toshe ya amince da hakan. Barazanar da ta fi damun gundumomin da ke maƙwabtaka da birane ita ce faɗaɗar birnin, domin duk filin da ya haɗiye yana iya tafiya da wani kaso na harajinsa, ya bar wa amintattu ragowar hanyoyin da dole su ci gaba da gyarawa.