Amsoshin Tambayoyinku: Billan, ƙayar da ke dangin wardi

Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Tambayar farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Maraɗi, wanda ya ce ya ji ana maganar wani tsiro na ƙasashen Larabawa mai suna billan, wai ɗan'uwan furen wardi ne kuma yana maganin ciwon sukari. Yana son sanin gaskiyar lamarin, da ko ana samunsa a wajenmu.

To malam, dangantakar gaskiya ce. Masana tsirrai suna kiransa Sarcopoterium spinosum, kuma gidansu ɗaya da wardi da tuffa. Amma da za ka gan shi ba za ka yarda ba. Tsayinsa bai cika wuce gwiwa ba, a dunƙule yake kamar an kife kwando, rassansa sun sarƙe, kowane ya ƙare da ƙaya. Furensa ƙanana ne marasa ado, domin iska ce ke kai masa barbara. Yana fitowa a busassun tuddai na Falasɗinu, Jodan, Labanan, Siriya, har Girka da Turkiyya. Da sanyi yakan yi ganye manya, da zafi ya zubar ya sake ƙanana don ya rage asarar ruwa.

Amfaninsa na asali a ƙaya da wuta yake. Makiyaya kan jera shi a kan katangar dutse ta garken tumaki, mata su yi tsintsiya da shi, busasshensa kuma yana kamawa nan take, shi ya sa a da ake tara shi dami-dami don gasa farar ƙasa.

Batun sukari kuwa, Larabawan ƙauye sun daɗe suna dafa saiwarsa suna sha, kuma gwajin da aka yi a kan ɓeraye ya nuna tana rage sukarin jini. Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye shi saboda wannan.

A ƙasar Hausa ba ya fitowa, don ya saba da inda ruwan sama ke sauka a lokacin sanyi. Duk wanda ya tallata maka ƙullin saiwa a kasuwa ya ce billan ce, ka tambaye shi daga ina ya samo.

Sai tambaya ta gaba.